Takardar Fanua

Kalma uku da jimla ɗaya Tiresa ta tsinta a bayan ƙofa, su ne kuma suka hana ta sakat har ta haihu.

Ranar awon wata takwas ce. An ba ta 'yar roba ta je ta kawo fitsari, ta dawo tana jan ƙafa, hannu ɗaya dafe da ƙugu, sai ta tarar ba a rufe ƙofar ɗakin ungozoma duka ba. A ciki gwaggonta Fuatino, yayar mahaifinta, wadda duk garinsu na Logan a Australia ke kira Anti Tino, tana magana ƙasa-ƙasa da ungozomar, Leata. Wannan kaɗai ya isa mutum ya tsaya, domin Anti Tino ba ta san ƙasa-ƙasa ba. Mace ce da in ta yi raɗa a layin gaba na coci, na layin baya ke amsawa. Da yaren Samoa suke yi, da saurin nan da kullum ke barin Tiresa a baya. Ta kama “takarda”, ta kama “sa hannu”, waɗannan ba wuya tunda aron Turanci ne. Ta ukun kuwa ko daga barci aka tashe ta ta san ta: fanua. Fili, ƙasa. Sai Anti Tino ta juya harshe zuwa Turanci, kamar yadda takan yi in magana ta dame ta, ta ce, “Ke za ki lallaɓa ta. In daga bakina ta ji, ba za ta sa ba.”

Tiresa ta tura ƙofar. Suka yi tsit a tare. Anti Tino ta shiga gyara furen da ke bayan kunnenta, Leata ta miƙo hannu ta karɓi robar tana murmushi.

Fili ɗaya ne a duniya ake buƙatar hannun Tiresa a kansa. Mahaifinta Iakopo ya saye shi tun yana saurayi, da guminsa na kamfanin kifin gwangwani. Ɗan fili ne a bayan Apia, babban birnin Samoa, can aka haife ta kafin su ƙauro Australia tana da shekara biyu. Ba komai a cikinsa yanzu sai ciyawa da bishiyar ulu guda ɗaya, irin mai manyan 'ya'yan nan da suke dafawa kamar doya, da ta tsaya ƙiƙam a tsakiya, daidai inda mai hankali zai kafa gida. Har ya bar duniya bai yarda an sare ta ba. Ranar da zai cika ya riƙe hannun Tiresa ya daɗe yana magana da yarensu, yana ta nanata fanua, ita kuma tana kuka tana amsa masa. Ba a yi sati da jana'iza ba ƙanensa Peniamina ya aiko da takarda daga Apia, wai ta sa hannu don ya riƙa kula mata da wurin. Allah ya taimake ta ta nuna wa wata lauya da suka yi makaranta tare. Ashe kyauta ce sukutum, har da izinin sare bishiya, Baffa Peni na son buɗe wurin wankin mota. Tun daga ranar, in aka haɗa mata fanua da takarda a magana ɗaya sai ta tsargu. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani gudu yake.

Ta hau gadon awo. Leata ta murza tafukanta don su yi ɗumi, kamar kullum, ta laluba cikin, ta ja tef, ta ɗora na'urar jin zuciya. Bugun ya cika ɗakin kamar masu lugude. Leata ta yi wata doguwar magana da yaren Samoa tana shafa ƙasan cikin, Tiresa ta gyaɗa kai ta ce “ioe”, wato na'am.

A nan fa sai an faɗi gaskiyar Tiresa, tunda ita ba za ta faɗa ba. Yaren Samoa da take ji bai wuce na kicin da na coci ba: zo, ci, zauna, rufe baki, amin. 'Ya'yan dangi da suka tashi a tsibiri suna kiranta 'yar Samoa ta roba, wato jabu, in ta buɗe baki su kwashe da dariya, har ta koyi dabarar da ta fi sauƙi, wato gyaɗa kai da murmushi da jefa ioe a inda ya dace. Da ta samu ciki ta ce asibitin kuɗi za ta, likitanta nata, ungozoma ɗaya tun daga awon farko har yankan cibiya, ba yau wannan gobe waccan ba. Anti Tino ta kawo zancen wata tsohuwa a unguwar Woodridge da ke murza ciki da man kwakwa, Tiresa ta ce mata a gaban mutane ba wata al'adar ƙauye da za ta kusanci cikin nan. Amma da aka miƙo mata sunayen ungozomomi, na 'yar Samoa ta zaɓa. Uwarta ta rasu tun tana ƙarama, kuma tana kewar abin da ba ta iya faɗin sunansa. Ranar farko ta zuba gaisuwar da ta yi kwana biyu tana bita a mota. Leata ta tafa hannu don murna, ta tambaye ta da wane yare za su riƙa yi.

“Haba, da namu mana,” in ji Tiresa.

Abin da ya shafi magani likitarta Dokta Kessler na maimaitawa da Turanci, saboda haka wata da watanni asiri bai tonu ba.

Tana kwance a gadon nan ta tuna wani abu. Ranar farkon, da aka yi tambayar ƙauye kamar yadda aka saba, Leata ta ambaci nata, Anti Tino ta buga cinya ta ce ai can ne ƙauyen matar Peni. A lokacin dariya aka yi. Yanzu kuwa biri ya yi kama da mutum, har hannun Leata mai ɗumin nan ta ji ya yi mata nauyi a ciki.

Da yamma ta kwashe komai ta gaya wa mijinta Lachlan, Bature mai aikin wayar lantarki, wanda duk abin da ya sani na Samoa a faranti yake. Yana cire takalmin aiki a bakin ƙofa ya ce, “To ki tambaye su mana.”

“Ka taɓa ganin an tambayi ɓarawo ko shi ne?”

“Ai sai ki ce ba ki ji abin da suka ce da kyau ba.”

Ta watsa masa harara. “Na ji sarai.”

“Ni dai matar da ke dafa mini gwaza da madarar kwakwa duk Lahadi ba zan zarge ta ba.”

“Da ma na san da gwaza za a saye ka. Kai in an zo sayar da ni ma, kai za ka riƙe musu fitila.”

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba.

Tun cikin na wata shida Anti Tino ta tare a ɗakinsu na baya don ta taya ta aiki. Yanzu Tiresa ta sa mata ido, kuma mai neman abu ba ya rasa gani. In wayar tsohuwar ta yi ƙara ta ga lambar Samoa, sai ta zura silifa ta fice bayan gida, can wajen igiyar shanya. Sau biyu Tiresa ta leƙa ta tagar kicin ta hango fuskar Baffa Peni a wayar, Anti Tino tana nuna shi da yatsa tana magana. Ciniki ne ko faɗa? Ta ina za ta sani, mutanen nan ko gaisuwa suke yi kamar faɗa ne.

Ranar wata Asabar ta shiga gareji neman guga, ta tarar da wata ƙatuwar tukunyar shuka wadda yaro zai yi wanka a ciki, da buhun ƙasa biyu, da dashen lemun tsami a leda.

“Anti, wannan fa?”

“Lemo.”

“A gidan haya?”

“Shi ya sa na sayi tukunya. Duk ranar da kuka tashi sai ku ɗauki abinku ku tafi da shi.” Tsohuwar ta faɗi haka ba ta kalle ta ba.

Tiresa ta koma ɗaki ranta a ɓace. Wato a ƙwace mata filin ubanta, a rarrashe ta da ƙasa buhu biyu a tukunya. Matar da ta goya ta, ta yi mata kitso, ta zauna a layin iyaye ranar bikinta! Abin ya yi mata ciwo fiye da na Baffa Peni, don shi da ma ba ta taɓa ƙaunarsa ba.

Sai kuma robar askirim. A gidan 'yan Samoa robar askirim ba ta mutuwa, ita ce ta ragowar miya, ita ce ta allura da zare. Amma wannan guda ɗaya Anti Tino ta wanke ta sau uku da ruwan zafi, ta shanya a rana, ta naɗe ta a sabon ƙyalle ta sa a jakarta ta coci. Lachlan ya taɓa miƙa hannu zai zuba ƙusoshi a ciki, ta make masa hannun da ludayi. Tiresa ta dakaci sai da tsohuwar ta shiga wanka, ta buɗe jakar, ta warware ƙyallen. Ba komai a ciki. Ta ce a ranta lallai a nan aka ɓoye takardar, an riga an kai wa Leata.

Awon sati talatin da bakwai ita kaɗai ta je, ta ce wa Anti Tino an ɗage. Bayan an gama awon jini Leata ta tashi ta rufe ƙofa, ta jawo kujera kusa da ita, ta soma magana tana cuɗa yarensu da Turanci.

“Resa, akwai maganar da gwaggonki ta roƙe ni in yi miki. Ta fanua ce.”

“Na sani.”

“To madalla, kin rage mini aiki. Takarda ce guda, hannu kawai za ki sa. Gara a gama tun yanzu, don ranar haihuwa ba kya cikin hayyacinki.”

Tiresa ta ji yarinyar ta motsa a cikinta. Da Turanci zalla ta amsa, don fushi ba ya jiran bita. “Ke meye naki a ciki?”

“Aikina ne. Matanmu da yawa na yi musu.”

“Da yawa?”

“Sosai. Wasu da farko sukan ƙi, musamman ku da kuka tashi a nan, amma in an zauna da su...” Ta buɗe fayil za ta zaro takardar. Tiresa ta ɗora tafin hannu a kai ta danne.

“Kar ma ki fito da ita.”

“Ki duba dai, layi huɗu ne.”

“Na ga irinta. Ba zan sa hannu ba, yau ko gobe.”

Leata ta ja baya ta dube ta. “Kin san in ba ki sa ba shi ke nan ko? In ta tafi ba a dawo da ita.”

“Barazana kike mini?”

“Subhana, wace irin barazana? Yadda abin yake nake gaya miki.”

“To abin da za a yi a yi. Kuma kar ki ƙara tayar mini da maganar nan.”

Ungozomar ta jawo fayil ɗin gabanta. Can ta ɗauki biro ta ce, “Haƙƙinki ne. Zan rubuta kin ƙi.” Ta rubuta, ta taimaka mata ta sauko, har ta durƙusa ta sa mata takalmi tunda ciki ya hana ta ganin ƙafarta. Tiresa ta kalli tsakar kanta mai furfura jefi-jefi, ta ce a ranta kifi na ganinka, mai jar koma.

A mota ta buga wa ofishin likita ta ce a canza mata ungozoma. Mai amsa waya ta tambayi dalili. Me za ta ce, ungozomata dillaliyar filaye ce? Ta ce na ƙashin kai ne. Aka ba ta ranar Alhamis ta zo ta ga Dokta Kessler a kan maganar.

Yarinyar ba ta jira Alhamis ba. Talata da safe Tiresa na tsaye tana soya ƙwai faya ta fashe. Kafin Lachlan ya juyo da mota daga wurin aiki, Anti Tino ta kashe wuta, ta goge ƙasa, ta ɗauko akwatin haihuwa, ga jakar cocinta rataye a kafaɗa. A hanya, tsakanin ciwo da ciwo, Tiresa ta damƙe hannun mijinta ta ce masa a kunne, “Ko me na ce, ko ihu nake, kar ka bari a sa mini biro a hannu. Ka rantse.”

“Na rantse. Sakar mini hannun, tuƙi nake.”

A ƙofar ɗakin haihuwa aka tambayi wa da wa za su shiga. Ta ce mijinta kawai. Anti Tino ta nemi kujera a baranda ta zauna, ta ɗora jakar a cinya ta rungume.

Tsoro biyu ne ya haɗu wa Tiresa a ɗakin nan, na naƙudar fari da na hannun da za ta haihu a cikinsa. Duk abin da Leata ta miƙo sai ta duba shi. Kofin ruwa, sai Lachlan ya fara kurɓa. Bututun iskar rage ciwo, ta ce so ake a gusar mata da hankali, ta ture. Leata ta koma bayanta tana danna mata ƙugu da tushen tafinta, daidai inda ciwon yake kamar ta gani da ido. Da abin ya kai intaha Tiresa ta manta da fili da Baffa Peni, ta ƙanƙame wuyan matar da take zargi tana kiran uwarta. Leata na ce mata da yarensu numfasa, numfasa, yanzu tura. Waɗannan kalmomin dai ta ji su. Dokta Kessler ta shigo ana dab da gamawa, ta duba, ta ce ba abin da za ta ƙara.

Sha biyu da kwata na rana yarinya ta faɗo, da gashi cike da kai da murya irin ta Anti Tino. Aka ɗora mata ita a ƙirji. Tiresa ta yi kuka ta yi dariya, ba ta ƙara kallon abin da ake yi a ƙasan gadon ba. Ta dai ji an danna mata mara, an ce ta ɗan ƙara yunƙuri, wani abu ya sulluɓe. Lachlan, wanda ko kaza bai iya kallon ana yankawa, ya kafe idonsa a kan kunnen 'yarsa.

Can sai ga Leata a gefen gadon, riƙe da wani kwanon ƙarfe da aka rufe da farin ƙyalle. Da yaren Samoa ta yi magana, a hankali.

“Resa. Fanua. Wannan ce tambayar ƙarshe, takardar na nan.”

Tiresa ta zaburo. “Ko yanzu? Jini bai tsaya mini ba za ki zo mini da takarda? Ba ki da tsoron Allah ne?”

Lachlan ya miƙe ya shiga tsakani, idonsa na kan bango. “Ta ce a'a. Don Allah a bar maganar.”

Leata ta daɗe tana kallon kwanon. Sannan ta juya ta fita da shi da kanta, ba ta ba ma'aikaciyar jinya da ke miƙo hannu ba. Tiresa ta ga idonta ya kawo ruwa, ta ɗauka baƙin cikin cinikin da ya watse ne. Ta sunkuya ta sumbaci kan 'yarta ta ce mata filin kakanki na nan.

Sai wajen ƙarfe huɗu, bayan an mayar da ita ɗakinta ta yi barci ta tashi, ta ce a shigo da Anti Tino. Tsohuwar ta shigo da filas na kunun kwakwa da ake ba mai jego, ta zuba mata, ta wanke hannu ta karɓi jaririyar. Ta daɗe tana kallonta tana mata waƙa a ƙasan maƙoshi. Da za ta ɗauko hankici a jaka, ta fito da robar askirim ta ajiye a kan tebur, ta ture ta gefe kamar abin da ya gama amfani.

Tiresa na jin ƙarfin wanda ya ci yaƙi. Ta ce, “Anti, in kin koma bayan igiyar shanya, ki gaida Baffa Peni. Ki ce masa ya nemi wani wurin wankin motar.”

“Peni? Me ya kawo Peni nan?”

“Ki daina, Anti. Na ji ku da kunnena ke da Leata. Na ga kina waya da shi.”

“Waya? Zaginsa nake! Sau biyu yana tura masu zarto wajen bishiyar nan, na ce in reshe ɗaya ya faɗi sai na hau jirgi na zo na karya masa ƙafa. Na ɓoye miki ne don kina da tsohon ciki.” Ta tsaya. Ta kalli robar, ta kalli Tiresa, fuskarta ta sauya. Da ta sake magana, da Turanci ta yi, kalma-kalma, kamar mai yi wa ƙaramin yaro.

“Resa. Mece ce fanua?”

“Fili mana.”

“Sai me?”

Tiresa ta kawar da ido.

“Na ce sai me kuma?”

“Ƙasa...”

“Abin da ya biyo bayan yarinyar nan ɗazu, me kuke ce masa?”

“Mabiyiya.”

“Fanua,” in ji Anti Tino.

Lachlan da ke bakin taga ya ajiye kofin shayinsa.

“Sunansu ɗaya. Asibitin nan ba sa bari a fita da ita sai uwa ta sa hannu, in ba haka ba su haɗa ta da shara su ƙone. Takardar ke nan. Tukunyar da kika gani a gareji tata ce, da lemon. Na ji tsoron in na faɗa ki ce al'adar ƙauye, shi ya sa na roƙi Leata.” Ta gyara riƙon jaririyar. “Taki tana ƙarƙashin ulun nan. Ni na ɗauko ta a ganyen ayaba, babanki ya haƙa ramin ya dasa. Kina tsammanin don 'ya'yanta ya hana a sare ta shekara talatin?”

Tiresa ta laluba ta danna ƙararrawa, ta danna, ta ƙi saki har Leata ta shigo da sauri.

“Tana ina? Kawo takardar, zan sa hannu yanzu. Lachlan, ba ni biro!”

Leata ta dubi Anti Tino, ta dubi robar, ta gane. Ta zauna a bakin gadon. “Na ajiye ta a firij har ƙarfe uku, ko za ki sake tunani. Ya wuce abin da aka yarda mini. Ƙarfe uku masu kwashewa suka zo, motarsu ta tafi.”

“A kira su!”

“Na gaya miki, 'yata. In ta tafi ba a dawo da ita.”

“To me ya hana ki faɗa da Turanci?”

“Ban taɓa kiranta da sunan Turanci ga 'yar Samoa ba, a bakin Turawa kamar datti ce. Kuma kin ce mini kin sani.” Ta murza idonta. “Amma da laifina. Ya kamata in sa ki faɗa mini abin da kika sani ɗin.”

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, haka ake cewa, amma ba wanda ya faɗa a ɗakin nan. Tiresa ta rufe fuska da tafukanta, kunya da baƙin ciki suka taho mata tare. Ta cikin yatsunta ta faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba.

“Ba na ji, Anti. Ban taɓa ji ba. Kai kawai nake gyaɗawa.”

Anti Tino ta ɗago ido daga kan jaririyar da ke barci a hannunta ta dube ta.

“Har ranar da babanki zai cika?”

Tiresa ta ɗaga kai alamar eh.

“Ina wurin, a bayanki nake tsaye. Ya gaya miki inda taki take. Ya ce in Allah ya ba ki haihuwa kar ki bari a jefar da ta ɗanki, ki sa ta a ƙasa ko a ina kike, ki dasa mata itace, don ɗan ya san yana da wurin tsayawa. Sau uku ya tambaye ki ko kin yi alkawari.” Ta gyara wa yarinyar hula. “Kin ce ioe.”

Kukan da Tiresa ta yi a lokacin ya fi na naƙuda, har ma'aikaciyar jinya ta leƙo Leata ta yi mata alama ta koma. Ba wanda ya ce mata ta yi haƙuri. Kwana da kwanaki Anti Tino ta yi tana ɗauka 'yar ƙanenta ta take wasiyyar ubanta da sani, ta haɗiye, ta ci gaba da dafa mata abinci.

Da kukan ya lafa tsohuwar ta miƙa hannu za ta mayar da robar jaka. Tiresa ta riƙe gefenta.

“Bar ta.”

Anti Tino ta dube ta. Sannan ta matso, ta buɗe zanen jaririyar, ta nuna ɗan guntun cibiya da aka matse da maƙalin roba.

“Wannan zai faɗi nan da sati. Shi ma ana binnewa. Ba ɗaya ba ne, kar ki ce na ce miki ɗaya ne. Pute ake ce masa. Faɗi in ji.”

“Pute.”

“Ba haka ba, kin faɗe shi kamar mijinki. Sake.”

Ta sake, ta kuma sakewa, hawaye na shiga mata baki. Kwana takwas bayan nan guntun ya faɗi a cikin rigar barcin yarinyar, busasshe, bai kai ƙwayar dabino ba. Robar askirim ta yi masa girma ƙwarai, amma a cikinta Tiresa ta ɗauke shi zuwa gareji.